Reshen Inna

Matan unguwarmu a Talata Mafara sun daɗe da daina tambayata tsaraba. In wasu suka fita waje hutu akan ga atamfa da turare, ko da 'yan kunnen yara ne. Mu kuwa in muka dawo, abin da ke can saman jakarmu, a wurin da ba a yarda komai ya danne shi ba, tsumma ne jiƙaƙƙe, a cikinsa 'yan tsinkayen itace masu kaurin fensir. Maigidana, Malam, shi ne mai kayan. Ba shi da abin sha'awa a duniya kamar aurar da mangwaro: ya yanko kan reshe daga bishiya mai daɗi, ya tsaga jikin wata, ya cusa, ya ɗaure da leda, su haɗe su zama abu guda. Ba sayarwa yake yi ba, ba kuma aikinsa ba ne. Ma'aikacin ofis ne, daga Litinin zuwa Juma'a yana bayan tebur. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni kuma nawa rabon ke nan, miji mai tsinke.

Ni malamar firamare ce a lokacin, don haka dogon hutu muke tafiya. Na daɗe ina jin daɗi, ina ganin don ni Malam yake daidaita hutunsa da nawa. Ashe lokacin ne damina ta zauna, auren itace ya fi kamawa. Da bakinsa ya gaya mini, ko kunya bai ji ba.

Mun je Yamai, mun je Kwatano, mun je Kumasi wurin wani abokinsa na makaranta. A Kumasi na ci burin shiga babbar kasuwa, sai ga ni zaune a kan benci a bayan gidan wani tsoho, Malam da tsohon sun tsuguna gindin bishiya tun hantsi har azahar. Wannan ba ya jin Hausa, wancan ba ya jin yarensa, amma sai gyaɗa kai suke yi suna dariya kamar tare suka tashi. Ko da muka je Umara, na kama shi yana kallon dabinai da tausayi, wai su Allah bai yi su da karɓar aure ba. Kuma duk hutunmu da gudu yake ƙarewa, don tsinken ba ya jimawa in an yanke shi. Sai safiyar tafiya zai yanka, daga nan babu yada zango, babu biyawa gaida kowa. Duk inda mota ta tsaya, mutane na neman abinci, shi yana yayyafa wa tsummansa ruwa da buta. Wani ma'aikacin kan iyaka ya taɓa buɗe tsumman ya ce asuwaki ne? Malam ya gyara tsayuwa ya fara yi masa bayani tun daga tushe. Bawan Allah da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya ɗaga mana hannu mu wuce.

Duk tsinkayen nan wuri guda suke zuwa. Malam ɗan Maradun ne, kuma mahaifinsa ya bar masa garka, wato lambu, a bakin gulbi, bayan gari kaɗan, ta wajen hanyar Gidan Goga. A tsakiyarta akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro, irin mai zaren nan da yara ke tsotsa. A jikinta ya riƙa ɗora abin da ya samo, reshe bayan reshe, kowane da sunan garinsu. Ga Kumasi can sama, ga Yamai ta yamma, ga Kwatano da ya ƙi yin 'ya'yan kirki amma Malam ya ƙi cire shi, wai baƙo ne, a yi masa haƙuri. In lokaci ya yi, wannan reshe na ƙarewa wancan na nuna.

Asabar ɗinmu tun la'asar ɗin Juma'a take farawa. Shi yana wasa wuƙa, yana yanka leda siri-siri, yana neman sabuwar reza. Ni ina haɗa dambu da zoɓo. Da safe mu hau babur, mu biya ta gidan yayarsa a cikin Maradun, wadda ni ma Yaya nake ce mata, a yi doguwar gaisuwa, sannan mu wuce garka. In shimfiɗa tabarma, in kunna rediyo, in fito da takardun yara ina dubawa. Shi kuwa yana can sama cikin ganye, babban mutum da furfura, ƙafarsa kawai nake hange. Nakan ce masa in ya faɗo ba ni da bakin gaya wa mutane abin da ya kai shi. Na yi mita a gindin bishiyar nan ba kaɗan ba, amma ban taɓa jin daɗin ranaku kamar waɗancan Asabar ɗin ba.

Mahaifiyata, Inna, mutuniyar Maraɗi ce. Aure ya kawo ta Bakura, a can aka haife mu ni da ƙanwata. Da babanmu ya rasu sai ta koma gidan mahaifinta da ƙanwar tawa, ni kuma na riga na yi aure a nan. A tsakar gidan akwai mangwaron da babu wanda ya san irinsa, daga ƙwallo ya fito. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su da kyan gani, ko sun nuna kore-kore suke zama. Amma in ka ɓare ɗaya, har na zaure sai ya san an ɓare. Tun muna yara in aka kai mu hutu a gindinsa muke wuni, a nan kuma Inna ta yi zaman tsufanta, tabarmarta da carbinta da 'yar butarta.

Malam ya ƙyalla ido a kan bishiyar nan tun zuwansa na farko, amma kunyar suruka ta hana shi magana. Shekara da shekaru in mun je sai ya gaishe ta daga nesa, ya koma gefe yana satar kallon sama. Ya ce in roƙa masa, na ce Allah ya kiyaye, ba za a ce mijina ya zo gidan surukai bara ba. Inna ce da kanta ta lura. Ranar da za mu dawo ta kira ni ta ce, "Ke, ce ma Malam shi yanki abin da shika so. Kar wuyanshi shi ƙage da kallon bisa." Ya yanka yana sunkuyar da kai. Ita kuma ta yage gefen wani tsohon kallabinta, ta jiƙa, ta naɗe tsinkayen da hannunta. Da muka iso, ya ɗora su a ɓangaren gabas, a ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Nan za ni sa miki shi, Malama, inda hannunki ka kaiwa." Reshen ya kama, ya yi 'ya'ya, muka riƙa ce masa reshen Inna.

Bayan Inna ta rasu aka raba gado, gidan ya fita daga hannunmu. Wanda ya saya shaguna yake so. Wata rana ƙanwata ta kira ni a waya tana kuka, ta ce ta wuce ta ƙofar gidan ta ga sarari, sun sare bishiyar har saiwa. Na yi kukan da ko ranar rasuwar ban yi irinsa ba. Daga ranar, duk abin da ya rage a raye na tsakar gidan nan shi ne reshe guda a garkar Maradun.

Garkar kuwa a lokacin ta riga ta fi ƙarfinmu. Abin a hankali ya zo. Da farko muka riƙa dawowa kafin la'asar. Sai muka koma zuwa jefi-jefi, in an ce hanya da sauƙi. Sai mutanen ƙauyukan da ke kusa suka kwaso kayansu suka shigo gari saboda 'yan bindiga, Yaya ta aiko cewa kada ta sake ganin ƙafar ƙanenta a bakin gulbi. Malam ya yi ritaya a tsakanin nan, ciwon suga kuma ya taɓa masa ido, hannunsa ya fara rawa. Mutumin da ya ƙagu ya bar aiki don kowace rana ta zama Asabar, sai ga shi da ranakun, babu wurin zuwa. Ya koma shuka ƙwallayen mangwaro a cikin leda yana jerawa a jikin katangar tsakar gida. Suka tsiro, suka yi tsawo, babu abin da za a ɗora musu. Ranar Juma'a da la'asar yakan ɗauko wuƙar nan ya wasa ta, ya mayar. Ni da nake mitar tafiya, sai ga ni ina kau da kai don kada in gani.

Da damina ta zagayo Malam ya aika wa mijin Yaya, dattijo manomi mai kirki, cewa in an sami sarari a yanko mana rassa daga bishiyar, musamman na gabas. Ranar kasuwa sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, ana sauke mana itace. Itace fa na gaske, kowane ya kai kaurin cinya, har da igiya aka ɗaure su. Dattijon ya duba ya ga ba zai aika wa surukinsa da tsinke ba kamar wani marowaci. Ya sa gatari ya zaɓi manya-manya, ya kuma bar su suka sha rana a ƙofar gidansa kafin a sami mota.

Malam ya tsuguna yana lalube. Ya tsinki busasshen ganye ya murje a tafin hannu ya kai hanci, don haka yake gane su ko babu 'ya'ya. Ya ce, "Wanga Kumasi na." Ya murje wani. "Wanga Yamai." An sare su tun daga ƙasan mahaɗa, ke nan sun bar bishiyar har abada. Ni dai ina tsaye har ya gama bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya ce, "Na Inna ba shi ciki." Ya karkaɗe hannu ya shige ɗaki. Wa za ka yi wa faɗa? Mutum ya sai da ransa ya je inda kowa ke gudu don ya kyauta maka. Godiya muka aika masa da goro. Kumasi da Yamai kuwa tuwo na tuƙa da su, amma sai da na bari Malam ya tafi masallaci sannan na sa su a murhu.

Ba a jima ba muka ji masu gawayi sun fara bin garaken da aka gudu aka bari. Malam ya ce shi zai je da kansa. Na ce mutumin da sai an nuna masa takalminsa a ƙofar masallaci, shi ne zai je bakin gulbi? Ya ce ko da lalube ya san bishiyarsa. Na ce in ya fita gidan nan sai dai ya tsallake gawata.

Sai ga haihuwa a gidan Yaya, aka yi mata jika. Suna sha'anin mata ne, Malam bai hana ni ba da na shirya. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba, don babu mai zuwa suna da sabuwar reza da tsumma a cikin jaka. Zuwa da kai ya fi aike, mun riga mun ga abin da aike ya yi mana. Da na keɓe da Yaya na gaya mata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ma ciwon nashi ya kama ki?" Sannan ta ce mata kan fita da sassafe a ƙungiya neman ganye da itacen girki, su dawo kafin rana ta ɗaga. In zan bi su, ita ma za ta bi, don ba za ta iya kallon ƙanenta ba in ta bar ni ni kaɗai.

Ba jarumta ba ce, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Muka bar gidajen ƙarshe muka nufi gulbi. Hanyar da na sani da babura da masu jakai da yara masu kora awaki ta zama shiru, ciyawa ta rufe ta har ƙugu. Matan ba sa hira, kowace kunnenta na daji. Da na hango bishiyar sai da na tsaya. Ga manyan raunuka inda gatari ya bi, ga sauran rassan sun yi kaca-kaca sun shige juna, babu mai gyara. A nan na gane wautata. Shekara nawa ina zaune a gindinta ina duba takardu, ban taɓa ɗaga kai na lura da inda wani ya fara wani ya ƙare ba. Lokacin 'ya'ya ya wuce. A gabas ɗin rassa ne birjik, duk ganye iri ɗaya a idona.

Sai na yi yadda na ga Malam yana yi. Na tsinki ganye na murje na shinshina, ƙamshin mangwaro ne kawai. Na matsa na gaba, haka. Yaya na cewa in yi sauri. Na sunkuya na shiga ƙarƙashi, na kamo wani da ya yi ƙasa har yana taɓa ciyawa, na murje. Wallahi ban san hancina ya riƙe abin nan ba. Tsakar gidan Maraɗi ce gaba ɗayanta ta taso mini, da tabarmar, da butar, da muryar Inna tana cewa mu wanke hannu kada ƙuda su bi mu. Na zauna a ƙasa ina kuka.

Yaya ta dafa kafaɗata ta ce, "Nan ba wurin kuka ba na. Yanki mu tahi."

Na zaɓi kawunan rassa masu kumburarren ido, wato inda sabon ganye zai fito, yadda na sha jin Malam yana faɗa, na yanka, na zage ganyen, na naɗe a tsumma. Muna cikin haka aka ji ƙarar babur daga hayin gulbi. Babu wadda ta tsaya tambayar ko na wane ne. Yaya da ke kukan gwiwa kullum, ranar ita ce a gaba.

Na iske Malam a kan tabarma a tsakar gida. Bayan gaisuwa ya tambayi mai jego da jaririya, na amsa, sannan na ɗora masa tsumman a hannu. Da ya ji sanyinsa ya gane inda na je. Tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Garka kinka tahi? Ke da wa? Ni kin hana ni, ke kin tahi! In da wani abu ya same ki, mi za ni ce ma ɗiyanki? Garin neman gira a rasa ido!"

Na bar shi ya yi ta yi, don yana da gaskiya. Yana faɗan, yatsunsa na kwance tsumman. Ya ɓanƙari ɗan guntun ganyen da ya rage a jikin wani tsinke ya kai hanci. Faɗan ya tsaya cak. Can ya ce a hankali, "Shi na." Sai kuma, "Ɗauko reza. Ba su kwana."

Muka jawo ledojin nan na jikin katanga. Ya kama tsinke na farko zai fere, hannu ya ƙi tsayawa, reza ta zame ta raba shi biyu. Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya miƙo mini rezar ba tare da ya dube ni ba. Na tausaya masa har cikin raina, amma na san in na nuna zai fi jin ciwo, don haka na ce to, Allah ya kawo ranar da za a ga gwanintar Malama. Ya riƙa faɗa ina yi. A fere gefe biyu kamar bakin gatari. Kada yatsa ya taɓa inda aka yanka. A tsaga kan dashen daidai tsawon firar, a cusa, ɓawo ya haɗu da ɓawo ko da ta gefe guda ne. A ɗaure tamau daga ƙasa zuwa sama. Na yanke babban yatsana, na ɓata wani tsinken, ya ce ba komai, shi ma haka ya fara. Duk wanda na gama sai ya bi shi da yatsa ya ji ɗaurin.

Daga nan sai jira. Kowace safiya kafin in ɗora koko sai na je na duba. Ɗaya ya yi baƙi, wani ya bi shi, wani ya bushe. Na daina gaya masa, shi ma ya daina tambaya. Saura guda, yana nan kore, bai mutu ba bai motsa ba, har na fara cire rai. Wata safiya na ga idon ya fashe, wasu 'yan ganye jajaye sun leƙo, masu laushi kamar kunnen jariri. Na kamo hannunsa na kai. Ya shafa su da bayan yatsa ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna ta zauna." Bayan 'yan watanni Yaya ta aiko cewa masu gawayi sun kai ga garkar, ko kututture ba su bari ba.

Wanda ya kama ɗin mun dasa shi a tsakar gida, nesa da katanga. Da ya yi furen farko na yi murna har na kira ƙanwata, sai Malam ya ce in tsinke furen duka, wai in ya yi 'ya'ya yana ƙarami zai gaji ya tsumbure. Na ce shi dai ba ya son ganin farin cikina. Na tsinke ina ƙunƙuni, har yau kuma ina ganin da an bar mini ko ɗaya ne babu abin da zai faru.

Hutun da ya wuce ni kaɗai na je Maraɗi, Malam ba ya iya doguwar tafiya yanzu. Tun kafin nan na sa ƙanwata ta shuka ƙwallo a gidanta, ya tsiro. Safiyar tafiya na yanki tsinkaye daga bishiyarmu, Malam na zaune yana ba da umarni kamar ban taɓa yi ba. A hanya duk inda muka tsaya na fito da buta, wata mata a motar har ta tambaye ni ko magani ne.

Ban gaya wa ƙanwata abin da na kawo ba, na dai ce ta ba ni wuri in gwada wani abu. Tana tsaye a kaina tana dariya, wai yayarta ta zama Malam. Da na gama ɗauri, na ciro ganye guda da na bari a cikin tsumman, na murje na miƙa mata. Ta kai hanci. Dariyar ta ɗauke. Ta juya ta shiga ɗaki, na ɗauka kuka za ta je yi. Sai ga ta da tabarma da buta. Ta shimfiɗa a gindin dashen nan da ko gwiwa bai kai ba, ta ajiye butar a gefen dama inda Inna ke ajiye tata. Muka zauna mu biyu a cikin rana.